Singil ko dobul: da wanne mai koyon saƙar kwarashi za ta fara?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin sayo kwarashi da ulu a Babbar Kasuwar Katsina, hannunki ya faɗa da sarƙa, wato jerin zoben zaren da ake fara saƙa a kansa, kuma kina so ki saƙa wa jaririn da yayarki za ta haifa shawul da hula kafin hunturu ya kankama, amma kin rasa wanda za ki fara koya tsakanin singil da dobul. Allah Ya sauke ta lafiya. Shawarata ita ce ki ba singil kwana uku ko huɗu a kan ɗan ƙyallen gwaji, sannan ki saƙa shawul ɗin da dobul. Bari in jera miki su gefe da gefe ki gani da idonki.

A singil, za ki cusa kwarashi cikin ido, wato ɗinki ɗaya na layin da ke ƙasa, ki naɗo zare ki jawo, sai ki ga zobe biyu a kan kwarashi. Ki sake naɗowa ki zare ta cikin biyun lokaci guda. Shi ke nan. A dobul kuwa, naɗi ake fara yi kafin a cusa. In kin jawo za ki ga zobe uku. Ki naɗo ki cire biyu, ki sake naɗowa ki cire biyun da suka rage. Wannan naɗin farko shi ne duk bambancin, kuma shi ya sa dobul yake kusan ninka singil a tsawo. Abin da zai ci miki layi 100 a singil, dobul zai kai ki wurin a layi 50 ko kusa da haka. Ga wadda take da girki da wanke-wanke da makaranta, ba ta samun zama sai tsakanin la'asar da magariba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya sa ban ce ki kama dobul kai tsaye ba? Saboda ba gudu ne matsalar mai koyo ba. Matsalarta ido. Ba ta gane inda za ta cusa kwarashi, ba ta gane ido na farko da na ƙarshe a layi, kuma hannunta bai san yadda zai ja zare daidai ba, nan ya matse, can ya saki. Singil ba ya ɓoye laifi. In kin tsallake ido ɗaya, nan take gefen zai shige ciki, ki gani ki warware tun kafin ki yi nisa. Ki dubi saman layin da kika gama: kowane ido yana da zare biyu kwance kusa da juna, sun haɗu a ƙasa sun buɗe a sama, kamar an yi kitso. Ƙarƙashin biyun ake cusawa. Ranar da idonki ya saba da wannan, kin ci rabin saƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da ya saba da matse zare tun farko yana da wuyar gyara daga baya.

Singil ma yana da nasa halin. Layin farko, wanda ake bi ta cikin sarƙa, shi ne mafi ɓacin rai, musamman in sarƙar ta matse. Ki yi sarƙarki sako-sako, ko ki yi ta da kwarashin da ya ɗan fi wanda za ki ci gaba da shi kauri. Kuma za ki ga ƙyallen yana nannaɗewa kamar busasshen ganye a layuka uku ko huɗu na farko. Kada ki tsorata ki warware, yakan miƙe in ya ƙara tsawo.

Inda dobul yake kayar da mutane shi ne gefe, kuma nan nake so ki natsu. In kin kai ƙarshen layi za ki juya, a singil sarƙa 1 ake yi, kuma ba a ƙirga ta a matsayin ido. A dobul sarƙa 3 ake yi, kuma yawanci ana ƙirga ta a matsayin dobul na farko. Ke nan sai ki tsallake idon da ke ƙarƙashinta, in kuma kin dawo ƙarshen layi na gaba, sai ki cusa na ƙarshe a saman wannan sarƙa ukun. Wadda ta manta tsallakewa, shawul ɗinta zai yi ta faɗi. Wadda ta manta cusa na ƙarshe, nata zai yi ta tsukewa. Shawul ɗina na farko haka ya fito, sama ya fi ƙasa tsukewa da kusan taki guda, na zauna na warware aikin sati biyu. Ba na so ki sha wannan. Ki ƙulla ɗan guntun zare mai wani launi a saman sarƙa ukun duk lokacin da kika juya, kuma ki ƙirga kowane layi kafin ki wuce.

Farawa ma ba ɗaya ba ne. In kina son ido 20 a singil, ki yi sarƙa 21 ki fara a ta biyu daga kwarashi. In dobul 20 kike so, ki yi sarƙa 22 ki fara a ta huɗu, ukun da kika bari su ne dobul ɗinki na farko.

Sai jikin saƙar. Singil yana fitowa a cike, da kauri da ɗan tauri, ba ƙofar da iska za ta bi. Shi ya dace da jakar hannu, da ɗan pos na waya, da shimfiɗar da ake ɗora tukunya. Amma wannan ta ƙarshen da zaren auduga ake yi, don ulun roba da ya cika kasuwa narkewa yake in ya ji zafi. Dobul kuwa yana da laushi, yana bin jiki, yana da 'yan ƙofofi tsakanin ido da ido, kuma bai kai singil shan zare ba in faɗi da tsawo ɗaya ne. Shawul da aka yi da singil zalla yakan yi nauyi ya tsaya ƙiƙam kamar tabarma, mai jego ba za ta ji daɗin naɗe jariri da shi ba. Na dobul shi ne ake yafawa a kan goyo da sassafe, lokacin da iskar Disamba da Janairu take kaɗawa da hazo. Sai dai ƙofofin nan suna kama 'yan yatsun jariri, don haka safar ƙafa da ta hannu kada ki yi su da dobul mai sako-sako.

Akwai na tsakiya, haf-dobul, kuma ni shi nake so a hular jariri. Ana fara shi kamar dobul, naɗi sannan cusawa, amma in zobe uku sun hau kwarashi sai a naɗo a zare ta cikin ukun gaba ɗaya. Sarƙa 2 ake juyawa da ita. Ya fi singil sauri, ya fi dobul rufe iska.

Hula daga tsakiyar kai ake farawa, a zagaye. A singil, ido 6 ne zagayen farko, sai 12, sai 18, ana ƙara shida-shida. A dobul 12 ne, sai 24, sai 36. Haf-dobul yawanci da 8 ake farawa. In faifan ya kai faɗin da kike so, sai ki daina ƙari, gefen zai sauko da kansa. In kin ga faifan yana lanƙwashewa kamar ƙoƙo tun ba ki daina ƙarin ba, idon ya yi kaɗan. In yana tattarewa kamar bakin siket, ya yi yawa.

Tunda na san a YouTube za ki riƙa dubawa, ki kula da sunaye. Waɗanda na yi amfani da su na Amurka ne. A Ingila, abin da muke ce wa singil shi suke kira dobul, dobul ɗinmu kuma tirebul. Ki kalli hannun mai koyarwar: in ta naɗa zare sau ɗaya kafin ta cusa, sannan ta cire zoben biyu-biyu, dobul ɗin da nake nufi ne, ko me ta kira shi.

Ban san kwarashin da aka ba ki ba. In siririn ƙarfen nan ne na zare mai laushi, ki ajiye shi tukuna ki nemi mai lamba 4 ko 5, wato milimita, da ulu matsakaici. Takardar da ke jikin ulun takan nuna lambar da ta dace da shi. Launi kuma ki ɗauki mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai, don baƙi da shuɗi mai duhu ba sa bari a ga ido, balle da dare in an ɗauke wuta.

Yau ki yi sarƙa 21, ki saƙa singil layi 10, ki ƙirga na ƙarshen. In 20 kika samu, gobe ki shiga dobul. In kin samu 17 ko 23, ki ɗauki hoton gefen biyu ki turo, zan nuna miki layin da idon ya ɓace.