Baurairai ko Daliya: Wanne Zai Jure Damunar Legas?

Wanda ya je wurin masu furanni a bakin titin Ikoyi ko Ikeja yana neman fure mai saiwa irin ta dankali, wanda zai riƙa tsirowa kowace shekara, hoton daliya za a fara nuna masa. Ni ma haka aka yi mini. Na sayi saiwa shida, ruwan watan Yuni ya sauka a kansu, da na tona sai na tarar duk sun ruɓe sun zama kamar kunu. Daliya 'yar tsaunukan Meziko ce, sanyin Jos take so. Cikin sauran tsirran ado masu saiwa, begoniya ma zafi ke kashe ta, kaladiyum kuwa ganye ne kawai adonsa.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne baurairai, wanda Sakkwatawa ke kira gatarin kurege saboda lanƙwasar saiwarsa, masana kuma Gloriosa superba. Ɗan Afirka ne, shi ne ma furen ƙasar Zimbabwe. Bakin ganyensa yana da ƙugiya da yake kama waya yana hawa, furensa ja da rawaya yana lanƙwashewa baya kamar harshen wuta. Ana kwantar da saiwar a kwance, zurfin kamar santimita 5, cikin baƙar ƙasa da aka gauraya da yashi, a tukunya mai huji, a farkon damuna. Idan ganyen ya bushe a rani, barci yake yi, sai a daina ba shi ruwa.

Wurin saye ne ake cutar mutane. Idon da ke tsirowa yana can ƙarshen saiwar, kuma tana karyewa da sauƙi. Wasu sukan karya ɗaya gida uku su sayar, alhali guntun da ba shi da ido ba zai taɓa tsira ba. Kada a karɓi wadda aka rufe da ƙasa a leda. A ce, "Malam, zazzage mini in gani," a latsa ta da yatsa a hankali, a sunsuna. Mai laushi ko wari ta riga ta mutu. Na taɓa ganin tsiron da mai sayarwa ya ɗaure wa furen wani tsiro daban da zare.

Saiwar tana da dafi mai kisa, kuma ta yi kama da doya ƙarama. Gidan da ke da yara ko awaki, a ɗora tukunyar inda ba za su kai ba, a wanke hannu bayan an taɓa ta.