Racet mai zagayayyen kai na Facom, inci 3/8

Racet sifana ne mai juya noti ba tare da an ɗaga shi daga kan notin ba. Wannan na kamfanin kayan aiki na Facom ne, inci 3/8 kuma girman bakinsa ne inda ake saka soket. Haƙoran da ke cikin kansa 72 ne, don haka motsin digiri 5 kacal ya isa ya kama haƙori na gaba ya juya noti. A lungun inji, inda hannu ke shiga da ƙyar, nan yake nuna amfaninsa.

Aibinsa kaurin kai. Inda siririn racet mai dogon kai zai kutsa, wannan sai ya cije. Sauya gefe daga ɗaurewa zuwa kwancewa ma sai an murɗa faifan bayansa, in yatsu sun sha baƙin mai kuwa santsi yake yi. Shi ya sa wasu makanikai ba sa son sa.

A riƙa ɗiga masa mai marar kauri. Giris mai yawa yana hana harshen ciki, wato ɗan ƙarfen da ke cije su, kama haƙora, sai ya dinga zamewa. Kuma kada a zura masa bututu don kwance noti mai tsatsa, haƙoran za su gutsure.