Challenger R/T ta 1970 da Camaro Z/28 ta 1969: wacce ta fi sauƙin tantancewa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: an turo maka hotunan tsofaffin motocin Amurka guda biyu masu babban inji, Dodge Challenger R/T ta 1970 da Chevrolet Camaro Z/28 ta 1969, kowacce mai ita ya ce kayanta na kamfani ne, kana son sanin wacce za ka iya tabbatar da asalinta kafin ka tura kuɗi. A ganina Challenger ce, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Da farko ka cire rai da binciken da muka saba yi wa motocin Beljiyam, inda ake sa lambar chasis a intanet tarihin mota ya fito. Lamba mai gurbi 17 da wannan bincike ya dogara da ita ta fara aiki ne a 1981. Waɗannan motoci biyu gurbi 13 gare su, don haka da idonka za ka karanta ƙarfe.

A Challenger, lambar da ke kan dashbod ta gefen direba ita da kanta take ba da shaida. Idan ta fara da JS23, R/T ce mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe. Idan JH23 ce, Challenger ce ta gama-gari, ko da an manna mata tambarin R/T gaba da baya. Gurbi na biyar kuma shi ne injin: N na nufin 383, U na nufin 440 mai kabureta ɗaya, V na nufin 440 mai kabureta uku, R kuma 426 Hemi mai ƙarfin doki 425. Wato da ka ga JS23R0B ka san R/T ce mai Hemi, ta 1970, daga masana'antar Hamtramck a jihar Michigan. Hoto ɗaya mai kyau ya ishe ka sanin wannan.

Camaro ba ta da wannan gatan. Lambarta za ta fara da 124379, ma'ana Chevrolet, Camaro mai silinda takwas, mai rufin ƙarfe, ta 1969. Iyakar abin da za ta faɗa maka ke nan. Mai ƙaramin injin da aka saya don zuwa kasuwa da Z/28 ta gaske duk lambarsu iri ɗaya take farawa, domin a wurin kamfanin Z/28 ƙari ne da mai saye ke zaɓa a takardar oda. An ƙera 20,302 a wannan shekara, kuma tunda ratsin fenti da tambari da taya ba su da tsada, jabunta ya yi yawa a kasuwa.

To a ina ake neman gaskiyarta? Akwai ɗan faranti na ƙarfe a jikin bangon da ya raba inji da ɗakin mota. Motocin da aka haɗa a Norwood ta jihar Ohio, masu harafin N a lambar chasis, sun fara ɗauke da wata alama a wannan faranti daga Disamban 1968: X33 ko X77 na nufin Z/28. Waɗanda aka haɗa kafin lokacin ba su da ita, haka ma duk na masana'antar Van Nuys a California, masu harafin L. Saboda haka rashin X77 bai kashe mota ba, samunsa kuma bai wanke ta ba, don kusa biyu kawai ke riƙe da farantin kuma akwai masu buga sabo.

Shaidar da na fi ba muhimmanci a Camaro tana jikin injin. A gaban kan silinda na gefen fasinja akwai wani fili mai laushi inda aka buga lamba irin V0305DZ: V masana'antar Flint, 0305 biyar ga Maris, DZ kuma injin 302 na Z/28, wanda aka yi shi da wannan girma don ya shiga ƙa'idar lita biyar ta tseren Trans-Am. Bayan wannan akwai ƙarshen lambar chasis ɗin motar, a nan ko kusa da filtar mai, kuma dole ta dace da ta dashbod. Nan ne mayaudara suka fi aiki. Sukan goge filin su sake bugawa. Ka nemi hoto na kusa sosai, ba fenti a kai. Filin kamfani yana da siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, wanda aka goge a wurin masu gyaran inji kuma yawanci layukansa a lanƙwashe suke. Ƙwararru kan kwaikwayi layukan ma, shi ya sa a mota mai tsada haka nake ganin biyan masani ya je ya duba da ido ba asara ba ce.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙaryata Z/28 nan take. Ba a yi ta da giyar otomatik ba, ba a yi ta da na'urar sanyaya ɗaki ba. Giyar hannu huɗu ce ta Muncie, birkin gaba na faifai, aksul na baya mai noti 12. Idan ka ga ramukan na'urar sanyi na kamfani a bangon inji, magana ta ƙare. Sai dai duk waɗannan suna iya kore mota ne kawai, ba sa iya tabbatar da ita, tunda bakanike na iya ɗaura su.

Kan zaɓaɓɓun kayan da mota ta fito da su daga kamfani, nan ma Challenger ta yi gaba. A cikin madigadi na gefen direba, ƙarƙashin bonet, akwai faranti cike da lambobi: E74 Hemi, E87 440 mai kabureta uku, D21 giyar hannu huɗu, A34 aksul Dana 60 mai rabon 4.10, N96 bonet ɗin da hancin iska ke leƙowa ta cikinsa yana karkarwa da inji, FC7 fentin nan mai ruwan shanshanbale da ake kira Plum Crazy. Bonet na N96 kaɗai yana ɗaga farashi sosai, don haka idan yana kan mota amma lambarsa ba ta kan faranti ko takarda, daga baya aka sa shi. Farantin Camaro kuwa fenti yake faɗa, da kalar kujeru, da makon da aka haɗa bodi, sai 'yan alamu kaɗan. Bonet mai tudu na ZL2 da kusan kowace Z/28 ke ɗauke da shi yau zaɓi ne, ba dukansu suka fito da shi ba, kuma takarda ce kawai za ta tabbatar.

Kada dai ka ɗauka farantin Dodge ba a yin jabunsa. Ana yi, sukurori biyu ne. Abin da ke taimakonka shi ne yawan wuraren da za ka gwada shi da su: lambar dashbod, wadda aka buga a ƙarfen da ke riƙe da lagireto, wadda ke jikin inji da akwatin giya, sai takardar haɗa mota da ma'aikata kan cusa cikin wayoyin kujera ko bayan akwatin dashbod. Samun wannan takarda babban rabo ne. A Camaro abin da ya yi daidai da ita shi ne Protect-O-Plate, ɗan katin ƙarfe a littafin garanti mai ɗauke da lambobin inji da giya da aksul.

Inda suka yi kunnen doki shi ne rumbun kamfani. Chrysler ba ta da katunan haɗa motocin da suka biyo bayan 1967, Chevrolet ma ba ta da na motocin da aka sayar a Amurka a lokacin, sai waɗanda aka sayar a Kanada, su akwai bayanansu. Da Mustang ko GTO ka tambaya, da abin ya zo da sauƙi, don na Ford daga 1967 ana samunsu ta Marti Report, na Pontiac kuma ta PHS.

Ƙananan kaya hanyarsu ɗaya a duka biyun. Kabureta, altaneta, distiributa, har gilashi, kowanne yana da lamba da kwanan wata, kuma ya kamata ranar ta riga ranar haɗa motar, yawanci da 'yan makonni. Kabureta mai ranar da ta biyo bayan ta motar tana iya zama orijinal, amma ba ita motar ta fito da ita ba.

Camaro ta fi ta wajen gyara, wannan ba musu. Kayan safayarta sun fi yawa, sun fi araha, kuma ga wanda zai riƙa odar kaya daga Amurka zuwa gida wannan babban lissafi ne. Idan hawa kake so ka yi, ɗauki Camaro, amma in babu Protect-O-Plate kuma lambar injin ba ta dace ba, ka taya ta a kuɗin Camaro ta gama-gari. Idan kuɗin asali za ka biya daga nesa, ka nemi hotuna huɗu na Challenger: dashbod, farantin madigadi, jikin inji, da ƙarfen lagireto. In mai ita ya fara kawo uzuri kan ɗaya daga ciki, ka dakatar da cinikin.