Hattara da masu sayar da "kayan jak na asali" na tsofaffin motocin shiga daji

Jama'a masu tsofaffin Land Cruiser, Land Rover, Patrol da Pajero, a buɗe ido. 'Yan damfara sun gano cewa jak ɗin da kamfani ya sako cikin waɗannan motoci ya yi wuyar samu, musamman hannunsa da sandunan da ake haɗawa a juya shi, domin su ne ke fara ɓacewa. An daina ƙera Land Cruiser FJ40 tun 1984, Land Cruiser 80 kuma a Japan ta tsaya a 1997. Motar da ta bi hannun mutum huɗu ko biyar da wuya ta iso da jakar kayan aikinta cikakkiya. A Land Cruiser 80 abin ya fi ciwo, don da sandunan nan ne ake sauko da safaya daga ƙarƙashin bayan mota. Wanda ba shi da su, ko yana da jak, bai da taya.

Ga yadda suke yi. Kana rubuta cigiya a Facebook ko wani dandalin saye da sayarwa, ba da jimawa ba saƙo zai shigo maka ta bayan fage: wai wani abokinsa yana da irin abin da kake nema, ga imel ɗinsa. Mai saƙon da abokin mutum ɗaya ne. Zai turo hoto mai kyau wanda ya kwafo daga wani tsohon talla, ya ce akwai wani mai so, ka yi sauri. Kuɗin kuma sai ta hanyar da ba ta dawowa: Western Union, katin kyauta, kirifto, ko zaɓin tura wa 'yan'uwa da abokai na PayPal, wanda ba shi da kariyar mai saye. Bayan ka biya za a ba ka lambar bin sawun kaya ta bogi, daga nan a nemi ƙarin kuɗin inshora ko na kwastan. Cinikin biri a sama ke nan.

Gane wannan ba wuya. Saka hoton a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa. Kada ka tsaya kan takarda mai kwanan wata a gefen kaya, yanzu ana liƙa ta da kwamfuta. Ce wa mai sayarwar ya ɗaga jak ɗin zuwa rabi, ya jingina tef ɗin awo a jikinsa, ya ɗauki bidiyo yana juya shi, sannan ya kifa shi ka ga gindin. Wanda kayan ke hannunsa minti biyu ya ishe shi. Wanda babu, sai ka ji kayan suna sito, ko ya yi tafiya.

Wanda ya fi haɗari shi ne mai turo kaya da gaske, amma ba abin da ya ce ba. A nan sanin kundin kayan gyara yake amfani. Lambar kayan Toyota guda 10 ce, biyar a gaba biyar a baya. Jak yana farawa da 09110 ko 09111, hannu 09113, sandar ƙari 09114, sanda mai ƙugiya 09115. Biyar na baya a kayan Land Cruiser galibi da 60 suke farawa, na Hilux da 35. Abin lura shi ne kundin yana kawo jak ɗin a dunƙule. Hannu da sanduna da mariƙinsa suna da lambarsu, amma kayan cikinsa ba a saba sayar da su ɗai-ɗai ba. To duk wanda ya ce yana da giyar cikin jak ko sukurunsa sabo fil a ledar kamfani, tambaye shi lambar, ka duba ta da kanka a kundin. Leda da sitika kowa na iya bugawa.

Jak ɗin tsohuwar Land Cruiser mai sukuru ne, ba mai a cikinsa. Ƙugiya tana juya ƙaramar giya, ita kuma ta juya babba da ke kwance bisa boris, babbar ta murza sukurun ya tashi hawa-hawa. Duk nauyin da aka ɗaga a kan tiredin sukurun, wato zanen da ya kewaye shi, yake zaune. Macutan sukan samo wanda ya gaji, su danƙara masa giris mai kauri don ya ɓoye lilo ya kashe ƙara, su fesa fenti har kan tsagewar gindi ko wurin da aka yi walda, su manna sitika. Wasu kuma jak ɗin ƙaramar mota suke yi wa wannan kwalliya. Land Cruiser 80 ta haura tan 2 ba kaya, jak ɗin da aka yi don motar gida ba sa'anta ba ne, kuma sau da yawa ko tsawon da zai raba tayar da ƙasa ba shi da shi. Don haka kafin a yi maganar kuɗi, nemi awo huɗu a milimita: tsawonsa a rufe, tsawonsa a buɗe gaba ɗaya, faɗin gindi, da faɗin ramin da ƙugiya ke shiga. Nemi hoton kan jak ɗin ma, ka ga ko ya dace da wurin da littafin motarka ya ce a kafa shi.

In ya iso, wanke girisin da kananzir kafin komai. Tiredi mai lafiya kansa a baje yake. In ya yi kaifi ko ya kwanta gefe guda, ya cinye, kuma ba ya gyaruwa. Ɗaga shi rabi ka ja kan sama da ƙasa: ɗan motsi ba laifi, amma in yana ƙwanƙwasa, a'a. Juya a hankali, ƙara mai dawowa a wuri ɗaya kowane zagaye haƙorin giya ne ya karye. Kai shi ƙarshe ka tabbata ya tsaya da kansa, domin in an cire abin da ke tare shi, sukurun zai iya fita daga mazauninsa da mota a kai. Sandunan jabu kuwa da bututu mai laushi ake yin su, suna murɗewa ko ƙugiyar ta buɗe da zarar nauyi ya hau. Mu a ganinmu gara sandar da ƙwararren mai walda ya yi da ƙarfe mai kauri, ya kuma faɗa maka shi ya yi, da wadda aka ce ta kamfani ce a baki.

Masu Land Rover Discovery ta farko da Range Rover Classic, jak ɗinku galibi mai aiki da mai ne, kuma damfararsa a robobin ciki take. Ana tallata ƙunshin sil, wato robobin da ke hana mai yoyo, da sunan mota kawai ba awo, ya zo bai shiga ba. Cire tsohuwar roba, auna faɗin cikinta da kaurinta, ka sayi ta naitiril daidai awon a wurin masu kayan haidurolik. Man jak za ka zuba, irin ISO 32. Man birki yana kumbura wannan roba ya lalata ta, kuma jak ɗin da aka turo yana warin man birki a ɗauka duk silinsa sun tafi. Defender da dama kuma jak ɗinsu dogo ne mai hannu da ke shiga rami a gaban shasi ko a ƙarfen baya. In mai talla ya ce jak ɗaya ya dace da kowace Land Rover, bai san kayan ba ko yana ƙarya.

Gwajin ƙarshe a yi shi a ƙasa mai tauri kuma a miƙe, an ja birkin hannu, an sa weji a sauran tayoyi, tayar da za a ɗaga tana ɗaure. A ɗaga har ta rabu da ƙasa da kamar santimita 2, a auna, a jira minti 15, a sake aunawa. In ta sauka, ko jak ɗin ya karkata, a sauke motar, a ɗauki hoto da bidiyo, a shigar da ƙorafi ta hanyar da aka biya kafin wa'adinta ya ƙare. Ko jak ɗin ya ci gwajin, kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe.