Sa ɗan shekara 16 a inshorar mota a Champaign: yadda ta kaya mana

Duk mai zama a garin Champaign ko Urbana, a jihar Illinois ta Amurka, da yaro mai shirin karɓar lasisi, ya fara tanadin kuɗin inshora tun yaron bai gama koyon tuƙi ba. Da muka sa babban ɗanmu a inshorar motocinmu biyu, abin da muke biya duk wata shida ya kusa ninkawa, alhali ba mota muka ƙara ba, kuma ba mu da tarihin hatsari. Kamfanin ɗaya ne daga cikin manyan nan da tallarsu ba ta barin talabijin.

Lokacin da yake da takardar koyo ba su karɓi ko sisi ba. A jihar Illinois yaro yana samun wannan takarda yana da shekara 15, ya riƙe ta aƙalla wata 9, sannan iyaye su sa hannu cewa ya yi tuƙin awa 50 da babba a gefensa, 10 daga ciki da dare. Maigida ne ya sha wannan wahala, ni zuciyata ba za ta ɗauka ba. Lasisi na fitowa farashi ya canja. Wakiliyar kamfanin ba ta yi mana kwana-kwana ba: a Amurka, idan aka auna da nisan tafiya, 'yan shekara 16 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa sama shiga hatsarin da ake rasa rai kusan sau uku, kuma ɗa namiji ya fi 'ya mace tsada. A Najeriya tun Janairun 2023 naira 15,000 ce inshorar dole ta ƙaramar mota a shekara, ba mai tambayar wa ke riƙe da sitiyari. A nan kuwa direban ake yi wa farashi kafin motar.

Rangwamen da ya fi yi mana amfani shi ne na ƙoƙarin makaranta. Idan yaro yana riƙe da matsakaicin maki na B zuwa sama, sakamakonsa kawai za a tura musu. Akwai wani rangwame mai tsoka ga ɗalibin da ya tafi karatu nesa da gida fiye da mil 100 ya bar mota a gida, amma mu 'yan gari ba mu ciki. Iyayen da ke Chicago suka turo yaransu Jami'ar Illinois suna samu, mu da jami'ar ke bayan gidanmu ba za mu samu ba, ko can yaron ya shiga ko kwalejin Parkland.

Sai manhajar waya da ke bibiyar tuƙi, wadda aka fi kwaɗaita mana. Tana lura da gudu, da taka burki, da shan kwana, da taɓa waya, da lokacin da aka fita. A garin da ba na ɗalibai ba wataƙila tana yin adalci. A nan, jami'ar tana da ɗalibai sama da 50,000, kuma wanda ya taɓa bin Green Street lokacin da ake fitowa daga aji ya san me nake nufi: wannan ya faɗo titi kansa na cikin waya, wancan ya ɓullo a keke, ga motar bas ta MTD, hukumar sufurin garin, ta tsaya a gabanka. Duk burkin da yaron ya taka da ƙarfi sai manhaja ta rage masa maki. Wata rana ya ce da ni, "Umma, to bige shi zan yi don makina ya yi kyau?" Wani lokacin ma yana zaune a motar abokinsa yana latsa waya ta rubuta shi ne direba, sai ya shiga ya gyara da hannu. Ragin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ban cire ta ba, saboda abu guda: dokar Illinois ta hana wanda bai kai shekara 19 ba amfani da waya yana tuƙi, ko da ba a hannu take ba, kuma tunda ya san ina ganin rahoton, wayar tana zama a aljihu.

Inda nake ganin bai kamata a yi rowa ba shi ne kuɗin diyyar wanda aka yi wa ɓarna. Mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta a Illinois dala 25,000 ne ga raunin mutum ɗaya, 50,000 ga duk waɗanda suka ji rauni a hatsari guda, da 20,000 na dukiya. Sabuwar mota nawa ce yau ake samu a dala 20,000? Ku leƙa wuraren ajiye motoci na gidajen ɗalibai ku ga irin abin da wasunsu ke hawa. Kuɗin asibiti a ƙasar nan kuwa ba sai an faɗa ba. Abin da ya haura wannan iyaka, kamfani ba ruwansa, mu za a biyo. Mun ɗaga namu zuwa 100,000 da 300,000 da 100,000, kuma abin da ya ƙaru a kan lissafin kaɗan ne idan aka kwatanta da kariyar. Mun rage ta wani wuri: tsohuwar Corolla da yaron ke ja mun cire mata ɓangaren gyaran motarmu idan mu muka yi karo, muka bar na sata, ƙanƙarar sama da bugun barewa, don a kaka barewa tana yawan tsallake hanyoyin bayan gari.

Da hunturu aka gwada kamfanin. Titi ya daskare, motar ta sulale da shi a filin ajiye motoci na wani kanti ta daki wata da ke tsaye. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Ya ɗauki hotuna ya tura ta waya, jami'insu ya kira mai motar, suka biya gyaranta ba mu sa ko dala ɗaya ba, ba kuma wanda ya yi ta yawo da mu. A wannan ɓangaren na yaba musu ƙwarai. Bambar Corolla mu muka gyara da kuɗinmu, kamar yadda muka zaɓa tun farko.

Da lokacin sabuntawa ya zo farashin ya sake hawa, aka ce mana wannan ƙarin zai bi mu kusan shekara uku. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne babu wanda ya kira ya yi bayani, a takarda kawai muka gani, sai da na matsa aka warware mini lissafin. Yanzu mun ba wani dillali mai zaman kansa bayananmu ya nemo mana farashin kamfanoni da dama. Idan bambancin ba mai yawa ba ne za mu zauna inda muke, saboda yadda suka biya ba tare da ja-in-ja ba.