Lasisin bindiga ga ɗan sandan da ya yi ritaya a Katsina: hidimar da ba ta duba tsohon kaki

Ɗan sandan da ya cika shekara 35 a aiki ko ya kai 60 a duniya, ran da ya mayar da bindigarsa rumbun makamai, ran nan rangwamensa ya ƙare. Dokar Bindigogi ta 1959 ta keɓe soja da ɗan sanda ne a kan makamin da aka ba su don aiki kawai. Wanda ya ajiye kaki, ko da Mataimakin Kwamishina ne, layi ɗaya zai bi da manomin Batsari. Da yawa daga cikin tsofaffin ma'aikata suna ɗauka katin shaidar ritaya zai fitar da su a shingen bincike. Ba ya fitarwa.

Hidimar hawa uku ce. Fistol, libarba da bindigar yaƙi irin AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa, don haka a cire rai. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu tana hannun Sufeto Janar a Abuja. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ita ce Kwamishinan jiha ke da iko a kanta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne bindiga mai famfo, wato fam-akshan. Mai sayarwa zai ce ai ta farauta ce. Dokar kuwa ta fitar da duk mai na'urar sake ɗura harsashi daga ajin bindigogin farauta, abin da ya tura ta cikin haramtattu. Hukuncin riƙe haramtacciya ba tare da izini ba ɗaurin aƙalla shekara 10 ne, kuma kotu ba ta rage shi don an taɓa yin DPO.

Takarda tana tashi daga ofishin yanki zuwa hedikwatar jiha, sannan Abuja. Ana hana wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce, da mai raunin ido. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da dattawa: yanar ido ta fara, mutum bai je an duba ba, sai a dakatar da fayil. A fara da asibitin ido tukuna. A kuma tabbata lambar da ke jikin ƙarfen bindigar ita ce a takarda, harafi da harafi, domin lasisin na bindiga ɗaya ne da mutum ɗaya. Ba a ara wa ɗa ya tafi gona da ita, ba a gadonta kamar fili. In mai ita ya rasu, magada su sanar da 'yan sanda.

Babban aibin hidimar shi ne ƙofar sabon lasisi kusan a rufe take. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu daga 'yan bindiga, amma gwamna ba ya sa hannu a lasisi. A 2022 gwamnatin Zamfara ta nemi a ba jama'a lasisi, rundunar 'yan sandan jihar ta ce akwai takunkumi, a 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da bayarwa. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya fito maka da sabuwar takarda cikin mako, ɗan damfara ne.

Amurka ta bi wata hanya tun 2004: tsohon jami'in da ya yi shekara 10 yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, muddin yana da katin shaida mai hoto kuma yana cin gwajin harbi duk shekara. Gwajin nan ne ya kamata a kwaikwaya, don hannun da ya bar kunama shekara biyar ba hannun jiya ba ne. Nan gida babu rangwamen, babu gwajin.

Mai tsohon lasisi na mai baki biyu ya lallaɓa shi, ya riƙa sabuntawa kafin wa'adin lasisin ya ƙare, ya adana rasit. Wanda ba shi da shi, kuma yana zaune a Jibiya ko Safana inda matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani, ya tuntuɓi rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ya ji inda ƙwarewarsa za ta shiga.