Kafin ka sayi zaren rama, tambayi yadda aka jiƙa shi

Jama'a, duk mai sayen zaren rama don tufka igiya ko saƙa, farashi kawai yake tambaya, alhali abin da ke raba mai kyau da mara kyau tun a wurin jiƙo yake. Zaren nan manne yake da karan, akwai wani danƙo da ake ce ma fektin da ya riƙe su, kuma ba wuƙa ke cire shi ba, ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye shi idan an jiƙa karan. Haka ake yi wa ramarmu, haka Turawa ke yi wa tsiron da ake samun yadin lilin, haka ma ɗan uwan tabar wiwi ɗin nan da suke nomawa don zare kawai, wanda mu nan doka ta hana, kar ma wani ya fara.

Jiƙon kuwa iri-iri ne. Na farko shi ne jiƙon ruwa, wanda muka taso muka gani. A ɗaure rama dami dami a tura kududdufi a danne da itace ko dutse, sati ɗaya zuwa biyu gwargwadon zafin gari, bakteriya irin su Clostridium da ba sa son iska su yi aikinsu, sai ka ga mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa yana zare ɓawon yana wankewa. Warin kam ba a magana, kuma yana ɓata ruwa, shi ya sa a Beljiyam aka daina jiƙa lilin a kogin Lys da ya yi suna da wannan sana'a. Amma gaskiya in an cire kan lokaci zarensa ya fi haske da laushi da tsawo. Matsalar ita ce in ya zarce. Ni ya taɓa faruwa da ni, na sayi dami a wata kasuwar ƙauye don ya yi fari tas ya burge ni, ina fara tufka yana tsinkewa a hannuna kamar tsohon tsumma, ashe ya kwana biyu fiye da ƙima a ruwa, ƙwayoyin sun gama da danƙon sun koma cin zaren kansa.

Sai jiƙon raɓa. Wannan shi Faransa ke yi yanzu, musamman yankin Normandi, a shimfiɗa karan a gona makonni ana juyawa, raɓa da yayyafi da funfuna su yi aikin. Ba wari sosai kuma da araha, sai dai zaren yakan yi toka-toka kuma bai cika zuwa iri ɗaya ba. Da bushewar iskarmu ta kaka ban ga yadda zai yi kyau a nan ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na tanki, inda ake zuba bakteriyar da aka zaɓa da gangan, dangin Bacillus. A Indiya cibiyar binciken zaren algarara da ke Barrackpore ta fitar da wata hoda mai ɗauke da irin wannan bakteriya, garin mai suna CRIJAF Sona, manoma na barbaɗa shi kan damin, kwanakin jiƙo su ragu, zaren ya fito da kala ɗaya. In ka samu mai sayar da irin wannan kuma aikinka na saƙa ne mai son zare daidai, ƙara kuɗi ka ɗauka, ba za ka yi da na sani ba.

Na soda kuwa, wanda ake dafawa da sinadari, sauri gare shi amma yakan fito da kaushi da rauni, ni dai ba na saye sai in takarda ko cusa katifa za a yi.

A kasuwa ga abin da nake yi. In zaro sili biyu uku in naɗe a yatsa in ja da ƙarfi, mai kyau sai ya shiga fata kafin ya tsinke. In murza in ga ko ɓawo na zubowa, in yana zuba bai jiƙu ba, wannan igiyar ɗaure dabba kawai zai yi. Sannan in shinshina tsakiyar damin, don wasu na ɗaurewa da danshi ya ƙara nauyi, ka kai gida sati guda ya yi baƙin funfuna.